Ƙiba a Jikin Kare: Yadda Take Samuwa da Yadda Ake Magance Ta

Kare na cikin dabbobin da suka fi daɗewa tare da ɗan Adam. Ana ajiye shi don gadi, ko farauta, ko tsaron garke, a wasu ƙasashe kuma don ɗebe kewa. Mai kare da yawa yakan ɗauki cikar jikin karensa a matsayin shaidar kyakkyawar kulawa. Likitocin dabbobi kuwa suna lissafa ƙiba cikin cututtuka. Wannan darasi zai bi batun daki-daki, daga ma'anar ƙiba har zuwa hanyar rage ta.

Mece ce ƙiba?

Jikin kare, kamar na sauran dabbobi masu shayarwa, ya ƙunshi ƙashi, tsoka, kayan ciki, ruwa da kitse. Kitse yana da amfaninsa: yana ajiye kuzari don ranar yunwa, yana riƙe ɗumin jiki, yana kuma tsare kayan ciki daga buguwa. Ana kiran abin ƙiba idan kitsen ya taru fiye da buƙata har ya soma cutar da lafiya.

Kowane kare yana da nauyin da ya dace da ƙirarsa da girman ƙashinsa. Idan ya zarce wannan nauyi da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, ana cewa nauyinsa ya yi yawa. Idan ya zarce da fiye da kashi 20, ya shiga ƙiba sosai. Misali, karen da ya kamata ya yi kilo 25 amma ya kai kilo 31 ya haura da kashi 24 cikin ɗari. Matsalar ta yi ƙamari a ƙasashe masu wadata. A Amurka, wani bincike na shekarar 2022 ya nuna kashi 59 cikin ɗari na karnukan da aka duba nauyinsu ya wuce kima.

Yadda kitse ke taruwa

Abinci yana ba jiki kuzari, ana kuma auna kuzarin da ma'aunin da ake kira kalori. Giram ɗaya na mai yana ba da kimanin kalori 9, giram ɗaya na sitaci ko na furotin kuwa kimanin 4. Jiki yana kashe wannan kuzari ta hanyoyi uku. Kaso mafi girma yana tafiya a ayyukan da ba sa tsayawa ko kare na barci: bugun zuciya, numfashi, aikin hanta da ƙoda, da riƙe zafin jiki. Wani kaso yana tafiya wajen narkar da abincin. Sauran kuma shi ne na motsi.

A ɗauki jiki tamkar rumbu. Idan hatsin da ake zubawa ya yi daidai da wanda ake ɗiba, rumbun yana nan yadda yake. Idan zubi ya fi ɗiba, ko da da mudu ɗaya ne kullum, wata rana zai cika. Jiki yana mayar da rarar kuzari kitse, ya ajiye ƙarƙashin fata da kewayen hanji. Rarar ba sai ta yi yawa ba. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa yana ɗauke da kalori kusan 120, wato wajen kashi ɗaya cikin biyar na abin da kare mai kilo 10 yake buƙata a yini.

Abubuwan da ke jawo ta

Na farko shi ne yawan abinci, musamman ragowar na gida: shinkafa, taliya, tuwo, miya mai maiƙo da fatar kaza. Na biyu rashin motsi. A gidaje da yawa a Kano, Kaduna da Abuja, manyan karnukan gadi irin su Alsatian, Rottweiler da Boerboel suna wuni a keji ko ɗaure da sarƙa, sai dare ake sakinsu cikin tsakar gida. A kwatanta su da karnukan mafarauta, waɗanda ke cin dogon zango a daji, da wuya a ga mai teɓa a cikinsu.

Na uku shi ne fiɗiya, ko cire wa karya mahaifa da ƙwai. Wannan aiki yana rage kuzarin da jiki ke buƙata, yana kuma ƙara son ci, don haka dole a rage abinci bayansa. Na huɗu tsufa, domin tsoka na raguwa, motsi ma haka. Na biyar gado. A shekarar 2016 Eleanor Raffan da abokan aikinta a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka gano cewa kusan ɗaya cikin huɗu na karnukan Labrador suna da tawaya a ƙwayar gado mai suna POMC, wadda ke da hannu wajen sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi. Irin wannan kare yakan ci ya ƙara nema. Na ƙarshe, akwai cututtukan da ke kawo ƙiba, kamar raunin ƙullutun wuya mai suna tayirod, wanda ke daidaita saurin ƙona kuzari. Saboda haka ne ake son likita ya fara duba kare kafin a taɓa abincinsa.

Illar da take yi

A dā ana ɗaukar kitse ma'aji kawai. Tun daga 1994, lokacin da aka gano sinadarin leptin da ƙwayoyin kitse ke fitarwa, masana suka fahimci cewa kitse yana aika saƙonni cikin jini. Idan ya yi yawa, yana sakin sinadaran da ke haddasa kumburi na ɓoye mai daɗewa, suna kuma rage wa jiki jin insulin, sinadarin da ke shigar da sukari cikin ƙwayoyin jiki.

Gaɓoɓi su ne suka fi shan wahala. Kan kowane ƙashi a mahaɗa yana lulluɓe da guringuntsi mai santsi. Nauyi yana danne shi, kumburi yana cin sa, sai amosanin gaɓɓai ya kama. Kare mai ciwon gaɓa ba ya son tafiya, rashin tafiya kuma yana ƙara masa kitse, haka abin zai yi ta zagayawa. Kitsen ƙirji da na ciki yana takura huhu, ya kuma ƙara wa zuciya aiki.

Sai batun zafi. Zafin jikin lafiyayyen kare yana tsakanin digiri 38 da 39 a ma'aunin Salsiyos. Ba ya gumi a fata kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake sanyaya jikinsa, ruwa yana tashi daga harshe da hanyoyin numfashi ya tafi da zafi. Kitse yana riƙe zafi, yana kuma wahalar da hakin. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, wannan na iya kai kare ga halaka.

Wani dogon bincike da kamfanin Purina ya ɗauki nauyi a Amurka, aka wallafa a 2002, ya nuna girman asarar. An raba kwiyakwiyan Labrador 48 gida biyu. Rukuni ɗaya an riƙa ba su abinci ƙasa da na 'yan uwansu da kashi 25 cikin ɗari har ƙarshen rayuwarsu. Tsaka-tsakin shekarun waɗanda aka rage wa abinci ya kai 13, na ɗaya rukunin kuwa 11.2. Ciwon gaɓɓai ma ya jinkirta kama su.

Yadda ake aunawa

Sikeli kaɗai bai isa ba, domin ƙirar karnuka ta bambanta. Likitoci suna amfani da ma'aunin yanayin jiki mai maki 1 zuwa 9. Maki 1 rama ce ƙwarai, 4 da 5 daidai, 9 matsananciyar ƙiba. Kowane maki sama da 5 yana nuna ƙarin nauyi na kimanin kashi 10 cikin ɗari.

Gwajin mataki uku ne. Da farko a shafa gefen ƙirji da tafin hannu ba tare da dannawa ba, ya kamata a ji haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya. Sannan a dubi karen daga sama, ya kamata a ga ƙugu ya tsuke bayan haƙarƙari. Daga nan a dube shi daga gefe, ya kamata ciki ya ɗage sama zuwa cinya. Idan sai an danna da ƙarfi ake jin ƙashi, ƙugu ya ɓace, ciki ya sauko, to akwai ƙiba.

Lissafin abinci

Ana soma lissafi da kuzarin da jiki ke buƙata yana hutawa, kuma da nauyin da ake so a kai ake yin sa. Mu koma ga karenmu mai kilo 31 da ya kamata ya yi 25. A ninka 25 da kansa sau uku: 25 × 25 × 25 = 15,625. A danna alamar √ a kalkuleta, za a sami 125. A sake dannawa, za a sami 11.18. A ninka da 70, amsa ita ce kalori 783 a yini. Baligin karen da aka fiɗiye yana buƙatar kimanin ninki 1.6 na wannan adadi, wato kalori 1,250, don riƙe nauyinsa. Wanda ake son ya rage kuwa akan fara shi kusa da 783 ɗin, likita yana gyarawa gwargwadon sakamako.

Abin nema shi ne raguwar kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na nauyi a mako, wato giram 310 zuwa 620 ga wannan kare. Aiki ne na watanni. Hora kare da yunwa yana cinye tsoka tare da kitse. A auna abinci da sikelin kicin, a raba shi kashi biyu ko uku a yini. A rage mai da sitaci, a bar isasshen furotin, a ƙara abin da ke cika ciki ba tare da kalori mai yawa ba, kamar dafaffiyar kabewa ko karas. 'Yan ƙwalam da ake jefa masa kada su wuce kashi 10 cikin ɗari na kalorin yini. A kuma kula da ragowar miya, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare. Cakulan da inabi ma guba ne gare shi. A ɗora shi a sikeli duk bayan mako biyu, a rubuta.

Motsa jiki

Kalorin da tafiya ke ƙonawa bai kai yadda mutane ke zato ba, shi ya sa motsi kaɗai ba ya sauke ƙiba idan kwano na nan cike. Babban amfaninsa shi ne riƙe tsoka yayin da kitse ke zubewa, tsoka kuwa ta fi kitse cin kuzari. Yana kuma ƙarfafa zuciya, ya sassauta gaɓoɓi, ya rage wa kare ƙunci da yawan haushi.

A fara da tafiyar minti 5 zuwa 10 sau biyu a yini, a riƙa ƙarawa kowane mako har a kai minti 30 ko fiye. Tafiya mai ɗan sauri ba tsayawa ta fi yawon shinshine-shinshine. A guji tsalle da gudu mai tsanani ga mai ciwon gaɓa. Inda ake da hali, iyo ya fi masa sauƙi, domin ruwa yana ɗauke nauyin jiki. A fita da sanyin safiya ko bayan faɗuwar rana, a tafi da ruwan sha. Idan zafin kwalta ya fi ƙarfin bayan hannunka, ya fi ƙarfin tafin ƙafarsa. Da an ga haki mai tsanani, dalalar miyau ko tangaɗi, a tsaya, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwa mai sanyi, a nemi likita. Karnuka masu gajeren hanci irin su Pug da Bulldog sun fi kowa shiga wannan haɗari. Kafin fita da kare cikin jama'a, a tabbatar an yi masa allurar riga-kafin ciwon hauka, kuma yana riƙe a igiya.

Kare ba ya zuba wa kansa abinci, ba ya kuma kwance wa kansa sarƙa. Duka biyun suna hannun mai shi. Duk wanda ke da kare ya shafa haƙarƙarin karen yau, idan bai ji ƙashi cikin sauƙi ba, ya kai shi wurin likitan dabbobi a auna shi, a tsara masa abinci da tafiya.