Jiki, Shaida da Doka: Yaushe Nakasasshe Ke Buƙatar Lauya?

Gabatarwa

Lebura a wurin gini a Dutse, ko mai aiki a injin casar shinkafa a Birnin Kudu, yana iya fita aiki da ƙafafunsa da safe, a dawo da shi ranga-ranga da yamma. Bayan jinya, abin da ke biyo baya shi ne neman haƙƙi, kuma dangi kan fara da tambayar ko sai an ɗauki lauya. Amsar tana da alaƙa da ilmin halittu, domin a ofis ko a kotu ba hawaye ake aunawa ba, aikin gaɓoɓin jiki ake aunawa.

Yadda Ake Auna Nakasa

Fata da ƙashi suna iya gyara kansu, amma jijiyoyin laka da ke cikin ƙashin baya ba sa sake tofowa idan sun tsinke. Haka ma ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi da ke can cikin kunne. Ƙarar da ta kai dasibel 85, idan ana jin ta awa takwas kullum, tana kashe su sannu a hankali. Wannan ne ya sa likita ke bambanta nakasa ta wucin gadi da ta dindindin.

Likita yana aiki da ma'auni. Alal misali, Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar mutum makaho idan idonsa mafi lafiya ba ya iya karanta, daga nisan mita 3, abin da lafiyayyen ido ke karantawa daga mita 60. Rahoto mai ɗauke da irin waɗannan alƙaluma, daga asibiti kamar na Rasheed Shekoni da ke Dutse, shi ne tushen kowace buƙata.

Tallafi da Diyya

A shekarar 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan wasu nakasassun Jihar Jigawa alawus na naira 7,000 duk wata. Irin wannan tallafi ne, ana nemansa ta hanyar rajista da tantancewa, ba ya buƙatar lauya.

Diyya kuwa haƙƙi ce ta wanda ya samu rauni ko cuta a bakin aiki. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya a asusun hukumar NSITF. Wanda ya nakasa gaba ɗaya, har abada, ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata. Sai dai akwai wa'adi: ma'aikaci ya sanar da ubangidansa cikin kwana 14, ubangida ya sanar da hukumar cikin kwana 7, sannan a miƙa takardar neman diyya cikin shekara guda.

Inda Lauya Ke Shigowa

Cika takardar farko abu ne da ɗalibin sakandare zai iya taya mahaifinsa. Lauya yana zama dole a wurare uku. Na farko, idan ubangida ya musanta cewa a bakin aiki aka ji raunin, ko bai yi wa ma'aikatansa rajista ba. Na biyu, idan hukumar ta ƙi biya ko ta rage matsayin nakasar; nan doka ta ba da kwana 180 a nemi sake dubawa, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Na uku, idan an nuna wa mutum wariya saboda nakasarsa, abin da dokar tarayya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta haramta.

Kafin a ɗauki lauya, a tambaye shi ko ya taɓa riƙe shari'ar ma'aikata, a kuma rubuta yarjejeniyar kuɗinsa a takarda, musamman idan kaso zai ɗauka daga diyyar. Wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba yana iya neman lauya kyauta daga Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1976.

Kammalawa

Lauya komai ƙwarewarsa ba ya ƙirƙiro shaida. Saboda haka a adana katin asibiti, hoton ƙashi, rasit na magani da sunayen waɗanda suka ga hatsarin, tun daga ranar farko. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Aiki Don Aji

1. Me ya sa karaya ke warkewa amma tsinkewar laka ba ta warkewa?
2. Kawo bambanci biyu tsakanin tallafi da diyya.