Littafin da Ya Soki Taƙaitawa Ya Koma Zane: Nazari a kan Fahrenheit 451

Gabatarwa

Daga cikin rassan ƙagaggun labaran kimiyya na Turawa akwai wanda ke hasashen wata gurɓatacciyar duniya ta nan gaba, inda hukuma ke danne tunanin ɗan Adam. Fitattun misalansa su ne Brave New World na Aldous Huxley (1932), da Nineteen Eighty-Four na George Orwell (1949), da Fahrenheit 451 na Ray Bradbury (1953). Dukkansu an mayar da su littattafan zane, wato labarin da ake bayarwa ta jerin hotuna da 'yan kalmomi. Tim Hamilton ya zana na Bradbury a 2009, Fido Nesti ya fito da na Orwell a 2020, Fred Fordham kuma na Huxley a 2022. Wannan muƙala za ta tsaya a kan na Bradbury, domin a nan ne matsalar ta fi fitowa fili.

Jigon Labarin

Tauraron labarin, Guy Montag, ɗan kwana-kwana ne, amma a ƙasarsu aikin 'yan kwana-kwana shi ne ƙona littattafai. Matarsa Mildred ba ta da abin yi sai kallon manyan allunan talabijin da suka rufe bangon falonsu. Shugabansa, Kyaftin Beatty, ya bayyana masa cewa ba hukuma ce ta fara kashe karatu ba. Jama'a ne suka gaji da tunani, aka yi ta gutsure manyan littattafai har suka koma 'yan layuka, aka bar littattafan zane suna yawo saboda ba sa tayar wa kowa hankali. Daga baya ne wuta ta zo ta ƙarasa aikin.

Tambayar ita ce: wanda ya taƙaita wannan littafi ya mayar da shi zane, shin bai aikata abin da littafin ke gargaɗi a kansa ba?

Abin da Aka Rasa da Abin da Aka Samu

Babu shakka an yi hasara. Ƙarfin Bradbury yana cikin salonsa, musamman kamance da siffantawa da dogayen jimloli masu nuna ruɗewar zuciyar Montag. Hamilton ya riƙe kalmomin marubucin, amma tilas ya datse da yawa, domin ɗan akwatin hoto ba ya ɗaukar sakin layi guda. Haka kuma, fuskar da mai karatu zai ƙaga wa Montag da kansa, mai zane ya riga ya yanka masa ita.

Sai dai akwai riba. Hamilton ya lulluɓe garin da launuka masu duhu da sanyi, ya bar ja da rawaya ga wuta. Ta haka ido ke gane cewa a wannan duniya abin da ya fi komai armashi shi ne abin da ke hallakarwa, kuma wannan ne ya yaudari Montag tun farko. Bugu da ƙari, mai karanta zane shi ke riƙe da linzami: yana iya tsayawa, ya koma baya, ya cike giɓin da ke tsakanin hoto da hoto da tunaninsa. Allunan Mildred ba sa ba ta wannan dama.

Tarihi ma yana da abin faɗa. A 1948 an tara littattafan zane an ƙona a wasu garuruwan Amurka, bisa zargin suna ɓata tarbiyyar yara. Shi kansa Bradbury masoyinsu ne tun yana yaro. Kamfanin EC Comics ya zana gajerun labaransa a farkon shekarun 1950, kuma shi ya rubuta gabatarwar aikin Hamilton kafin rasuwarsa a 2012.

Kammalawa

Abin da Bradbury ya soka ba hoto ba ne, lalacin tunani ne. Saboda haka ma'aunin da ya dace manazarci ya ɗora irin waɗannan ayyuka a kai shi ne: zanen yana tura mai karatu neman littafin asali, ko kuwa yana sa shi ya ga ya ƙoshi? Idan na farko ne, an yi wa littafin hidima. Idan na biyu ne, to Beatty ya yi nasara ba tare da ya ƙyasta ashana ba.