Ɗan Ɗaki a Bayan Gari

Darasinmu na wannan mako ya fito daga littafin Sarakuna na Biyu, sura 4. A garin Shunem akwai wata mace mai wadata wadda takan ciyar da annabi Elisha duk sa'ad da ya bi ta wurin. Wata rana ta shawarci mijinta su gina wa mutumin Allah ɗan ɗaki a kan soro. Kaya huɗu kaɗai suka sa a ciki: gado, tebur, kujera da fitila. Mace ce mai hali, da ta ga dama da ta cika ɗakin da kayan alatu. Amma ta gane abin da bawan Allah yake bukata, wato wurin da zai rufe ƙofa, ya kwanta, ya yi magana da Ubangijinsa ba mai katse shi.

Mu a arewacin Gana muna da irin wannan ɗaki, sai dai ba mu ɗauke shi a bakin kome ba. Bukkar gona nake nufi. Manoman doya na kewayen Salaga da Yendi gonakinsu sukan yi nisa da gari, shi ya sa suke kafa bukka ta ciyawa, su kwana a can lokacin tara ƙasa da lokacin tonon doya. Idan aiki ya lafa, bukkokin nan da yawa zaune suke ba kowa. Fasto ko dattijon ikkilisiya ko shugabar zumuntar mata da gajiya ta ci ƙarfinta za ta iya roƙon ɗan'uwa manomi ya ba ta aron bukka kwana biyu ko uku. Ba kuɗin masauki, ba lantarki, ba rediyo. I, har shirinmu ma a bar shi a gida, zai jira ku.

Na san abin da waɗansu za su ce: aikin Ubangiji da yawa, wa ya ga ta hutu? Ku duba Iliya a Sarakuna na Fari, sura 19. Bayan nasarar Dutsen Karmel ya gudu daga Yezebel, ya zube a gindin wani itace cikin jeji yana roƙon mutuwa. Allah bai fara da tsawata masa ba. Barci ya bar shi ya yi, mala'ika ya tashe shi ya ci gurasa ya sha ruwa, ya sake kwanciya, aka sake ciyar da shi. Sai da ya kai Horeb ya ji muryar Allah, kuma ba cikin iska mai ƙarfi ko girgizar ƙasa ko wuta ta zo ba, a hankali ta zo. Mutum da yawa a cikinmu suna zaton bangaskiyarsu ce ta yi sanyi, alhali kuwa shekara guda ke nan ba su yi barcin kirki ba. Daga nan Allah ya komar da Iliya bakin aiki, ya kuma aike shi ya keɓe Elisha, wanda aka gina wa ɗakin nan na Shunem.

Ga 'yan'uwanmu na Bawku maganar tana da nauyi dabam. Saboda rikicin sarauta an sa dokar hana fita a garin a watan Nuwamba 2021, aka yi ta sabunta ta shekara da shekaru. Sun san shirun dare fiye da kowa, amma shirun tsoro ne, kunne a buɗe yana jiran ƙarar bindiga. Irin wannan ba ya hutar da zuciya. Mutanen Yendi sun ɗanɗani nasu bayan kashe Ya Na Yakubu Andani na Biyu a 2002, har zuwa naɗin sabon Ya Na a 2019. Ina roƙon ikkilisiyoyin da suke zaune lafiya su zama kamar macen Shunem, su gayyaci mai hidima daga wurin wahala, su ba shi bukka da abinci, kada kuma su ce sai ya yi musu wa'azi kafin ya tafi.

To, wanda zai je, ya je da hankalinsa. Ya ɗauki gidan sauro da tocila da takalmi mai rufe ƙafa, domin kububuwa tana yawo da dare. An tabbatar da Gana ta rabu da kurkunu a 2015, duk da haka ruwan tafki a tafasa shi kafin a sha. Da hunturu a share ciyawar da ke kewaye da bukka saboda gobarar daji. Mace kada ta tafi ita kaɗai.

Mai kare ya tafi da karensa. Manomi ya san amfaninsa, yana jin motsi kafin mutum ya ji, yana korar birai, ba ya kuma kawo gulmar gari. Karin Magana sura 12 ta nuna mana adali yana kula da ran dabbarsa, saboda haka a ba shi ruwa da abinci, a yi masa allurar rigakafin haukan kare tun kafin tafiya. A tambayi mai bukka ko ya yarda. Idan maƙwabtan gona Musulmi ne, a ɗaure shi nesa da butarsu da tabarmar sallarsu, kada kuma ya bi shanun Fulani.

A Markus sura 6 Ubangiji Yesu ya kai almajiransa wurin da ba kowa domin ko zarafin cin abinci ba su samu ba, sai ga taro ya riga su isa. Bai kore su ba, ya koya musu, ya ciyar da su, da maraice ya sallame su ya hau dutse shi kaɗai yin addu'a. Saboda haka kafin ka kashe waya, ka gaya wa dattijo ɗaya inda bukkar take da ranar da za ka komo, domin in rashin lafiya ko rasuwa ta auku a san inda za a aiko maka da mai babur.