Gonar makaranta: ina malamin firamare zai samo kuɗi?

Tambaya: Ina koyar da 'yan aji huɗu a wata firamaren gwamnati a Jigawa. Akwai fili a bayan ajinmu, ina so yara su riƙa taɓa ƙasa da hannunsu maimakon kallon zanen fartanya a allo. Hedimasta ya ce babu kuɗi. Ina zan nufa?

Amsa: Malama, Allah ya saka miki da alheri. Hedimasta bai yi ƙarya ba, ba kasafai kuɗi ke zama a ofishinsa ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumarsa ta ƙasa, UBEC, kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma ta hannun takwararta ta jiha, SUBEB, suke bi, kuma gine-gine da kujeru ne ke cinye kaso mai tsoka. In kika tsaya jiran wannan, damina za ta wuce ki.

Ƙofar da ta fi kusa da ke ita ce kwamitin kula da makarantarku (SBMC), inda mai unguwa da iyaye suke, sai ƙungiyar iyaye da malamai. Amma kada ki je musu da "a taimaka mana da kuɗin noma". Wannan maganar ba ta motsa kowa. Ki rubuta takarda shafi ɗaya: faɗin fili, fartanya nawa, butar ban ruwa nawa, irin me, farashin kowanne a kasuwarku. Ki nemi kaya, ba tsabar kuɗi ba. Manomin da zai yi jinkirin ba ki dubu biyar zai aiko miki da amalanken taki ba tare da ya ji komai ba, ke kuma kin tsira daga tsegumin ina kuɗi suka shiga. Malamin gona na yankinku zai nuna miki inda ake samun ingantaccen iri, kamar waken SAMPEA da cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru ta fitar.

A takardar, ki nuna darasin da ke cikin aikin. Auna tsawon kunya lissafi ne, ƙirga irin da ya tsiro cikin ashirin lissafi ne, rubuta abin da aka gani kowace Alhamis koyon rubutu ne. A Amurka, inda ma'aikatar noma ta kafa shirin shigar da noma cikin darussa tun 1981, ƙungiyoyin manoma ke ba malamai ƙananan tallafi, kuma abin da suke dubawa ke nan: me yaro zai koya?

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Awaki da dogon hutu sun fi rashin kuɗi kashe gonakin makaranta. Hutun ƙarshen shekara yana faɗawa a tsakiyar damina, lokacin da ciyawa ke neman rufe shuka, ba kowa a makaranta. Saboda haka shinge ya zo farko a lissafinki, ko da na kara da ƙaya ne, kafin ki sayi ko ƙwayar iri. Sannan ki zaɓi abin da zai isa girbi cikin zango ɗaya. Alayyafo yana yankuwa cikin wata ɗaya da 'yan kwanaki. In ruwa na da nisa, ki shuka a buhuna a gindin aji, kowane rukunin yara da buhunsu. Zogale kuwa ki jera shi a bakin shinge, yana jure fari.

Roƙona ɗaya: kada a mai da gonar wurin horon masu makara. Yaron da aka miƙa wa fartanya a matsayin hukunci zai girma yana ƙin noma.

Ranar girbi ki gayyaci 'yan kwamiti, ki ɗauki hotuna, ki karanta musu abin da aka karɓa da abin da aka kashe. Da wannan rahoton ne za ki je wurin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ta hannun hedimasta, ki nemi tankin ruwa.