Mai Taɓin Hankali A Gaban Kotu Kan Fashi Da Kisa: Me Iyalansa Za Su Yi?

Iyaye kan zo mini hankali a tashe. An kama ɗansu bisa zargin fashi da kisan kai, yana tsare a gidan gyaran hali na Keffi, alhali duk unguwa ta shaida ba shi da lafiya. Sai su ce, "Lauya, ashe ba an ɗauke wa irinsa alƙalami ba?" Kotu abu biyu take dubawa.

Na farko, halin da yake ciki yanzu. Ba a yi wa mutum shari'a in bai fahimci tuhumar da ake karanta masa ba, bai kuma iya kare kansa. Alƙali zai sa likitan ƙwaƙwalwa ya duba shi. In rahoto ya tabbatar da ciwon, a jingine shari'ar sai ya samu sauƙi, sannan a ci gaba. Wannan ba sallama ba ce.

Na biyu, halinsa a ranar da abin ya faru. Sashe na 221 na kundin Final Kod ya tanadi kisa ga wanda ya yi kisan ganganci, amma sashe na 51 ya ɗauke laifi daga wanda taɓin hankali ya hana shi sanin abin da yake aikatawa, ko sanin cewa haramun ne. Ɓangarensa ne zai kawo hujja. Ko an karɓe ta, ba gida zai koma ba, tsare shi za a yi inda zai samu magani. Wanda ya sha ƙwaya da son ransa ba shi da wannan uzuri.

Don haka ku tattara katin asibiti da takardun magani, na Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi ne ko na asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Ku nemo maƙwabta da mai unguwa da suka san ciwon tun da can. In babu kuɗin lauya, Hukumar Ba Da Agajin Shari'a tana tsayawa kyauta. Majistare ba shi da hurumin shari'ar kisa, saboda haka ku bi fayil ɗin har Ma'aikatar Shari'a a Lafia, ya isa Babbar Kotu. A wannan tsakanin ne mutane ke shekara da shekaru an manta da su.

Kada ku koya masa haukan ƙarya, likita zai gane. Iyalan mamacin ma suna da haƙƙin jin gaskiya. Ku riƙa ziyartarsa, ku tabbatar maganinsa bai yanke ba.