Kula da motar ɗaukar kaya: ba kowane bushin ke son giris ba

Idan kaka ta yi, ƙaramar motar ɗaukar kaya ba ta samun hutu. Ita ke kai hatsi da wake kasuwar Maradi. Ita ke fito da albasa daga gonakin Galmi zuwa bakin kwalta. A ƙauyuka da yawa kuma, ita ake nema da tsakar dare idan haihuwa ta yi wa mace gardama, don a kai ta gidan likita. Motar da ta lalace a daji asara ce ga gari duka. Darasinmu na yau ya shafi wani ƙaramin abu da ke ƙarƙashinta, mai suna bushin.

Mene ne bushin?

Ku leƙa bayan mota irin su Peugeot 404 bashe ko Toyota Hilux. Kusa da kowace taya za ku ga dogayen ƙarafa masu faɗi, an ɗora wani bisa wani. Su ne sifirin, waɗanda makanikai ke kira lam. Su ke ɗauke da nauyin kaya, su ke rage girgiza. Ƙarfen da ya fi tsawo an naɗe bakinsa gaba da baya kamar zobe. Cikin zoben ake zura ƙusar da ke haɗa sifirin da jikin mota. Tsakanin ƙusa da zobe akwai wani ɗan bututu. Shi ne bushin, wasu kuma na cewa silambulok. Amfaninsa shi ne hana ƙarfe cin ƙarfe.

Bushin iri uku ne

Na farko na roba ne, baƙi. Shi ya fi yawa. Ba ya son giris, ba ya son man inji. Waɗannan mayuka suna kumbura roba, ta yi laushi, ta rududduge. Mai zuba baƙin mai a kansa don ya daina ƙara, kashe shi yake yi. Idan ya tsattsage, maganinsa sabo.

Na biyu na ƙarfe ne ko na tagulla. Za ku gane shi da wani ɗan nono a kan ƙusa, inda ake ɗura giris. Wannan kam, idan ya bushe, sai ya cinye ƙusa.

Na uku na wata roba ce mai tauri, sau da yawa ja ko rawaya. Yana son giris, amma irin nasa na musamman da ake sayarwa tare da shi.

Saboda haka, kafin ku taɓa gwangwanin giris, ku tabbata wane iri ne a motarku.

Yadda ake ɗura giris a bushin na ƙarfe

1. Ku tsai da mota a wuri mai tauri, marar gangara. Ku kashe inji, ku ja birkin hannu, ku tare tayun gaba da duwatsu.
2. Ku ɗaga jikin mota da jak, don nauyi ya sauka daga kan sifirin. Ta haka giris ke zagaye ƙusa.
3. Ku tokare mota da gungumen icce mai ƙarfi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashinta jak kaɗai na riƙe da ita. Jak na zamewa, kuma mota na kashe mutum.
4. Ku goge ɗan nonon da tsumma mai tsabta.
5. Ku kafa bakin famfon giris, ku yi ta matsawa har tsohon giris ya fita, sabo ya bayyana ta gefe.
6. Ku share wanda ya fito waje. Giris da rairayi idan sun haɗu, sai su riƙa cin ƙarfe kamar dutsen niƙa.

Yaushe ake yi?

Ku yi shi duk lokacin da kuka sauya man inji. Mai bin hanyar ƙura ya fi mai bin kwalta bukata. Da damina, idan mota ta ratsa gulbi ko taɓo, ku sake ɗurawa, domin ruwa na wanke giris.

Alamomin lalacewa

Idan kun ji ƙiƙi-ƙiƙi ko bugun ƙarfe a baya, ku duba. Haka nan idan mota na karkata gefe guda, ko taya na cinyewa ta ɓangare ɗaya. Ku je wurin makaniki tun ƙusa ba ta karye ba. Idan an sa sabon bushin na roba, sai an sauke mota bisa tayunta sannan a ƙarasa ɗaure noti. Wanda aka ɗaure mota na rataye, yakan murɗe, ya yage da wuri. Ku sani kuma lodin da ya wuce kima na kashe bushin da sifirin gaba ɗaya.

Lafiyarku

Bayan aiki, ku wanke hannu da ruwa da sabuni kafin ku ci abinci. Kada ku zubar da baƙin mai kusa da rijiya ko cikin garka. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

Wane bushin ne ba ya son giris? Don me ake share giris ɗin da ya fito waje? Me za a tokare mota da shi kafin a shiga ƙarƙashinta?