Ruwa da Numfashin Kifi

1.0 Gabatarwa

Su tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. A yankin Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa ana kama kifi a madatsun ruwa da tafkunan damina, wasu kuma na kiwonsa a kwarmin siminti. Wannan darasi zai duba alaƙar ingancin ruwa da gaɓar numfashin kifi, wadda za a kira mashaƙa a nan, daga aikatau shaƙa, kamar yadda aka samo mashaya daga sha.

2.0 Aikin Mashaƙa

Mashaƙa jajayen ganyayyaki ne masu kama da haƙoran mataji a gefen kan kifi. Da su yake tace iskar oksijin daga ruwa. Launinsu shi ne ma'aunin lafiyarsa: ja jawur alamar lafiya, kodewa ko yawan yauƙi alamar cuta.

Abubuwa uku ke cutar da ita. Na farko zafi: lita guda ta ruwa mai ɗumin digiri 20 tana riƙe kusan miligiram 9 na oksijin, a digiri 30 kuwa kusan 7.5. Shi ya sa da bazara ake ganin kifi na hamma a saman ruwa da asuba. Na biyu dauɗa: kashin kifi da ragowar abinci kan haifar da sinadarin amoniya mai ƙona mashaƙa. Na uku sinadarin kulorin na ruwan famfo. Magani shi ne rage cunkoso, auna abinci, da sauya wani kaso na ruwan a kai a kai.

3.0 Bambancin Kifaye

Karfasa da mashaƙa kaɗai ta dogara. Tarwaɗa tana da ƙarin gaɓar shaƙar iskar sarari, don haka masu kiwo suka fi son ta. Gaiwa huhu gare ta. Idan tafki ya ƙafe sai ta shige laka ta jira damina. 'Ya'yanta kan fito da mashaƙa a waje kamar gashin tsuntsu, su rabu da ita idan sun girma. Akwai wata halitta dangin kwaɗi a Meziko, akzolotul, wadda ba ta rabuwa da tata har mutuwa. Ruwan digiri 16 zuwa 18 take so, ke nan kiwonta a zafin Afrilu na Kazaure zai yi wuya.

4.0 Kammalawa

An ga cewa mai kiwon kifi ruwa yake kiwo tukuna. Wanda ya yi sakaci da shi kan iya asarar jarinsa a dare guda.

5.0 Auna Fahimta

1. Kawo sunaye biyar masu ƙira irin ta mashaƙa.
2. Tattaro keɓaɓɓun kalmomi goma daga bakin masunta a garinku.